Rairayin fili: shin mai kallo yana da laifi?

A ajin nazarin asalin kalmomi na ci karo da abin da ya hana ni sukuni. Kalmar arène, wadda muke kiran filin kokowa da ita a Faransanci, daga Latin ta fito, kuma ma'anarta rairayi. Me ya kawo rairayi? Romawa kan shimfiɗa shi a fili don ya sha jinin waɗanda aka kashe.

Mafi girman irin wannan fili shi ne Kolosiyam na birnin Roma. Sarki Besfasiyan ya soma gininsa, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasannin kwana 100. Yana cin mutum wajen 50,000, kowa da mazauninsa: manya kusa da fili, talakawa da mata can ƙoli. Bayi da fursunoni ke gwabzawa da juna ko da namun daji, jama'a na ta sowa.

Mu ma muna da namu rairayin. An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauke ta. Nan Bonkuku ma, da kaka ta yi, sai ganga ta kira samari fili. Amma namu rairayin tarbar mutum yake yi: wanda aka kayar ya tashi, ya kakkaɓe jiki, su rungume juna.

To, kar mu yi saurin yabon kanmu. Bara a wata kasuwa na ga an rufe wani yaro da duka, wai ya saci salula. Masu dukan ba su wuce biyar ba. Mu da muka yi musu da'ira mun fi hamsin, wasu har suna ɗaukar bidiyo. Wallahi ban taɓa shi ba, amma ban ce uffan ba. Kuma na lura, duk sa'ad da muka ƙaru, sai dukan ya ƙaru.

Sarki ya gina Kolosiyam, amma ba shi ya cika ta ba. Da kujerun nan sun wayi gari babu kowa, wa za a yanka, don wa? Ido ma hannu ne, 'yan'uwa, don shi ke ba mai duka ƙarfi.

Ba na cewa laifinmu ɗaya da mai sanda. Sai dai ni, tun ranar nan, na kasa kiran kaina ɗan kallo kawai.