Baƙo da dajin mai masauki



Ran Lahadin da ta wuce na kai yara gandun dajin nan na Lekki da aka kafa a 1990. Washegari maƙwabcina a kasuwa ya tare ni da dariya: "Alhaji, wai shago ka rufe ka tafi kallon biri?" Na taya shi dariyar, amma maganar ta kwana a raina. Wanda ya baro gida don neman halaliyarsa, akwai abin da ya hau kansa game da dajin mutane da bakin ruwansu?

Maƙwabcin nawa yana da hujja. Ƙasa da masu ita, mu abinci ya kawo mu, kuma kuɗin haya ba ya jiran kowa.

To amma ga abin da ya dame ni. A gida na san gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, na san in shamuwa ta sauka lokacin gyaran gona ya yi. Ba a aji na koya ba, ido ne da zama da manya. A nan kuwa shekarata 22, autana da aka haifa a Agege ya nuna wata bishiya ya ce, "Baba, meye sunanta?" Wallahi sai na hau gyaran hula. Yaron bai taɓa ganin gawo ba, na nan kuma uban nasa bai san su ba. Ke nan zai tashi ba shi da itace ko ɗaya.

Kuma batun ya wuce suna. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale wajen Badagry ya ga itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwa a kan saiwoyi kamar ƙafafu, mangurob. A tsakanin saiwoyin ƙananan kifi da jatan lande ke ɓuya har su girma. Su ne kuma ake sarewa a yi bandar kifi. Buhu nawa na busasshen kifi nake lodawa zuwa Arewa a shekara? Ribar nan da ita na aurar da 'yata. In na ce dajin bai shafe ni ba, aljihuna zai ƙaryata ni. Suratul An'am ma ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne irinmu, ba ta ware na garin wasu ba.

Ban ce kowa ya rufe shago ba. Shirwar da ke shawagi saman mayanka da rani ma ta isa a ɗaga kai a duba: ita ma 'yar cirani ce, da ruwa ya sauka za ta nufi Arewa. Na nuna wa autan ita, ya tambaye ni ko ita ma tana da shago. Sunan bishiyar dai har yanzu yana bina bashi, ran Asabar in sha Allah zan tambayi mai kawo mini kifi.