Tsakanin Awo da Hukunci: Injiniya a Ƙofar Makarantar Lauyoyi

A ƙasar Amurka ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare, sai mutum ya fara kammala digiri na farko a wani fanni, sannan ya nemi gurbi a makarantar lauyoyi inda zai yi shekara 3 kafin ya fito da digirin da ake kira JD. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, wadda ita ce ke tantance waɗannan makarantu, ba ta keɓe wani fanni da ta ce lalle sai an bi ta kansa ba, saboda haka kowace shekara akan sami injiniyoyi da masana kwamfuta da waɗanda suka karanta kimiyyar sinadarai cikin masu nema, tare da 'yan tarihi da adabi da kimiyyar siyasa waɗanda suka fi su yawa. Tambayar da irin waɗannan mutane suke yi ita ce yadda za su ƙara wa kansu damar samun shiga, amma a ƙarƙashinta akwai wata tambaya da ta girme ta, wato ko hankalin da aka horar a kan awo da lissafi shi ne hankalin da ake bukata wajen yanke hukunci tsakanin mutane, kuma wanda bai amsa ta biyun ba da wuya ya amsa ta farkon daidai.

Abin da makarantu suka fi dubawa lambobi biyu ne. Na farko matsakaicin makin digiri, wanda hukumar da ake kira LSAC take sake lissafawa bisa ma'auni guda daga duk darussan da ɗalibi ya ɗauka har zuwa ranar da ya karɓi digirinsa na farko, ba tare da ta ƙara wa darasi nauyi don wahalarsa ba, kuma makin digiri na biyu ba ya shiga wannan lissafi komai kyansa. Na biyu sakamakon jarrabawar LSAT, wadda aka fara yi a 1948, kuma makinta yakan kama daga 120 zuwa 180. Makarantu suna damuwa da waɗannan lambobi fiye da kima domin kowace shekara suna bayyana makin tsakiya na ɗaliban da suka ɗauka, wato makin wanda zai faɗo a tsakiya idan aka jera su daga sama zuwa ƙasa, kuma mujallar US News tana amfani da shi wajen jera makarantu bisa daraja. Yale da Harvard sun daina ba mujallar bayanansu a watan Nuwamba na 2022, duk da haka lambobin ba su rasa ƙarfinsu ba. An daɗe ana lura cewa sassan injiniyanci da kimiyya sun fi tsanani wajen ba da maki, don haka injiniyan da ya sha wuyar lissafin zafi da motsin ruwa yakan zo da lambar da ta yi ƙasa da ta abokinsa wanda ya bi hanya mai sauƙi.

Ko wannan adalci ne? Gaskiyar magana ita ce ba cikakken adalci ba ne, domin daidaita abubuwan da ba daidai suke ba shi ma nau'in tauye haƙƙi ne. Sai dai gyaran ba shi da sauƙi kamar yadda mai ƙorafi yake zato, tun da duk wanda zai ƙara wa injiniya maki sai ya fara yanke cewa wahalar warware lissafi ta fi wahalar rubuta shafi 30 a kan musabbabin wani yaƙi, kuma babu sikelin da zai auna waɗannan wahalhalu biyu. Abin da ya rage shi ne idon masu karanta takardun nema, waɗanda suke ganin sunayen darussa da jami'ar da mutum ya fito, kuma suna iya yi masa rangwame, ko da yake ba su da ikon canza lambar da za su bayyana wa duniya. Daga nan dabara ta farko ta fito fili: makin digiri ya riga ya bushe, na LSAT kuwa yana hannun mai nema, kuma makaranta takan karɓi wanda ya yi ƙasa a ɗaya idan ya ɗaga mata ɗayan. An yarda ya haɗa da ɗan gajeren bayani idan akwai dalili na zahiri da ya ja makinsa ƙasa, kamar rashin lafiya ko aikin neman kuɗin makaranta, amma kukan cewa fanninsa ya fi na kowa wuya ba ya ƙara masa komai. Haka kuma yawancin makarantu suna duba takardu ne yayin da suke shigowa, tun daga kaka, don haka wanda ya aika da wuri yakan tarar da gurabe da tallafin kuɗi ba a rabe su ba.

Ita kanta jarrabawar LSAT ta sauya ta hanyar da ta shafi 'yan fasaha. Har zuwa 2024 tana da wani sashe na wuyar warwarewa, inda ake ba da sharuɗɗa a ce a jera mutane ko abubuwa bisa su, sashen da mai horon lissafi yakan ji kamar a gidansa yake. An cire shi a watan Agusta na 2024, bayan sulhun da aka yi a 2019 a ƙarar da ta nuna cewa makaho ba ya iya zana jadawalin da sashen ke bukata. Yanzu abin da ake ba maki shi ne sassa biyu na tantance hujja da sashe ɗaya na fahimtar dogon rubutu, dukansu cikin harshe na yau da kullum mai harshen damo. Wasu makarantu suna karɓar jarrabawar GRE, mai sashen lissafi, tun da Jami'ar Arizona ta buɗe wannan ƙofa a 2016 Harvard ta bi ta a 2017, amma wanda ya gudu can don kauce wa karatu mai zurfi ya jinkirta matsalarsa ne kawai zuwa makon farko na aji.

Saɓani a kan ko shari'a kimiyya ce tsoho ne a cikin makarantun da kansu. Christopher Columbus Langdell, wanda ya zama shugaban makarantar lauyoyi ta Harvard a 1870, ya ɗauki shari'a a matsayin kimiyya mai 'yan ƙa'idoji kaɗan da za a iya tsamowa daga hukunce-hukuncen kotu kamar yadda masanin tsirrai ke tsamo jinsi daga samfura, kuma hanyar koyarwarsa ta karanta shari'o'i ɗaya bayan ɗaya ana yi wa ɗalibi tambayoyi ita ce ake bi har yau. Masanin doka Oliver Wendell Holmes ya yi masa raddi a littafinsa na 1881 a kan dokar gargajiyar Ingila da Amurka, yana mai nuna cewa abin da ya gina dokoki shi ne bukatun zamani da abin da al'umma ta ɗanɗana, ba manɗiƙi tsantsa ba, manɗiƙi kuwa shi ne ilimin ƙa'idojin fitar da sakamako daga gabatarwa. Ɗalibin fasaha yakan zo da zuciyar Langdell, ya tarar da malamai masu zuciyar Holmes.

Mai karatu da ya yi zaman zaure ya san wannan iyaka ta wata hanya, domin babu inda lissafi da shari'a suka haɗu kamar ilimin rabon gado, har ma littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 babban kasonsa a kan wasiyya da gado yake. Mas'alar da malamai ke kira auli, wato lokacin da jimillar rabon magada ta zarce dukiyar, ita ce misali mafi bayyana. Idan mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da kashi biyu cikin uku, kuma idan aka kasa dukiyar gida 6 miji zai nemi 3 su kuma su nemi 4, abin ya zama 7. Mai lissafi zai iya nuna wannan giɓi ba tare da wata shakka ba, amma lissafi ba zai faɗi wanda ya kamata ya ɗauki asarar ba. A zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, an shawarci sahabbai aka tsaya a kan a kasa dukiyar gida 7 domin ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, kuma a kan haka mazhabobi huɗu suka tafi. Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ga cewa a cika wa miji rabonsa, ragin ya faɗa a kan 'yan'uwa mata, bisa fahimtarsa ta wanda nassi ya gabatar da wanda ya jinkirtar. Dukansu sun iya ƙirga, kuma ba a kan ƙirgan suka saɓa ba. Sun saɓa ne a kan wace ƙa'ida ce ta fi cancanta a fifita, kuma wannan aikin ijtihadi ne, wato yin iyakar ƙoƙari wajen gano hukunci inda nassi bai yanke magana ba.

Irin wannan yana faruwa a kotunan Amurka ko da alƙali ya ari yaren lissafi. A 1947 Alƙali Learned Hand, cikin shari'ar wani kwale-kwalen dakon kaya da ya kwance ya nutse a tashar jiragen ruwa ta New York babu mai tsaronsa a ciki, ya bayyana sakaci da aljabara: mutum ya yi sakaci idan wahalar yin rigakafi ba ta kai girman asarar ba bayan an ninka ta da yiwuwar aukuwarta. Injiniya zai ji daɗin wannan ƙa'ida, domin da irinta yake yanke kaurin ƙarfen da zai sa a gada. Amma wane adadi za a rubuta a gurbin asara idan abin da aka rasa ƙafar yaro ce, kuma wa ya ba mai lissafin izinin rubuta shi? Masanin falsafa David Hume ya yi gargaɗi tun ƙarni na 18 cewa bayanin yadda abu yake ba ya haifar da hukuncin yadda ya kamata ya kasance sai an shigo da wata gabatarwa daga waje. Masanin falsafar doka H. L. A. Hart kuma a 1958 ya kawo misalin dokar da ta hana shiga da abin hawa wurin shaƙatawa, wadda kowa ya yarda ta hana mota, amma aka rasa tabbas a kan keke, takwaransa Lon Fuller ya ƙara da tambayar motar yaƙi da tsofaffin sojoji suka girke don tunawa. Wanda ya saba da umarnin kwamfuta yakan ɗauki wannan shubuha a matsayin kuskuren marubucin doka da ya kamata a gyara, alhali ba za a iya kawar da ita ba muddin mutane ne ke rubuta doka don abubuwan da ba su riga sun faru ba.

Wannan ne ya sa takardar da mai nema yake rubutawa game da kansa, wadda yawanci ba ta wuce shafi 2 ba, ta fi nauyi a wajen ɗan fasaha fiye da kowa. Masu tantancewa ba sa shakkar kaifin ƙwaƙwalwarsa, abin da suke son gani shi ne ko yana iya rubuta zance mai ɗauke da hujja, kuma ko yana iya zama da tambayar da ɓangarorinta biyu duka suke da nauyi ba tare da ya yi gaggawar rufe ta ba. Takardar da ta cika da sunayen na'urori da manhajoji ta amsa tambayar da ba a yi ba. Wadda ta fi amfani ita ce wadda ta nuna lokacin da aikin fasaha ya kai mutum bakin iyakarsa, misali inda gini ya cika sharuɗɗan hukuma amma maƙwabta suka cutu, ko inda manhaja ta yi aiki daidai amma ta tattara bayanan da masu su ba su yarda ba, sannan ta bayyana yadda marubucin ya yi tunani a wannan gaɓa. Haka wasiƙun shaida: wadda ta fito daga malamin da ya karanta dogon rubutun ɗalibin ya gyara masa ta fi ta babban farfesan da ya san shi ta makin jarrabawa kawai, don haka wanda yake cikin karatun digiri har yanzu yana da hikima idan ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu na falsafa ko tarihi masu yawan rubutu.

Ba a cewa fasaha ba ta da daraja a wannan kasuwa. Ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka ba ya barin kowa ya zauna jarrabawar wakiltar masu ƙirƙira a gabansa sai wanda ke da horon kimiyya ko injiniyanci, saboda haka lauya mai irin wannan asali yana da ƙofar da ta rufe wa sauran abokansa, kuma makarantu sun san yana saurin samun aiki. Tun bayan hukuncin Daubert na 1993, wanda a cikinsa Kotun Ƙoli ta ɗora wa alƙalan tarayya nauyin tantance ingancin shaidar masana kafin ta isa ga masu taya alƙali yanke hukunci, bukatar lauyan da ya san bambancin gwaji sahihi da na bogi ta ƙaru. Tarihi ma bai raba fannonin ba, tun da masanin lissafi Fermat ma'aikacin shari'a ne a Toulouse, takwaransa Leibniz kuma digirinsa na dakta a shari'a ne. Sai dai a nan jarrabawar gaskiya take, domin ana yawan ba injiniyoyi shawarar su rubuta cewa dokar ƙirƙira suke so ko da ba ita ce a ransu ba, wai don labarin ya fi tsaruwa. Wannan shawara ba ta da kyau ta fuskar ɗa'a, kuma ta fuskar dabara ma rauni gare ta. Mai neman shiga sana'ar da amana ce jarinta bai kamata ya fara da ƙawata niyyarsa ba, musamman da yake hukumomin ba da lasisi a jihohi suna binciken halin mutum kafin su rantsar da shi, kuma suna iya komawa ga abin da ya bayyana a takardar neman shiga. Sannan mai karatun da ya ƙware zai tambayi abin da ya hana shi zama wakilin masu ƙirƙira, matsayin da ake samu da waccan jarrabawa kaɗai ba tare da digirin lauya ba. Injiniyan da abin da ya dame shi haƙƙin ma'aikatan da na'ura ta raunata ne, ko gurɓatar ruwan wani gari, yana da amsa ga wannan tambaya, kuma ita ya kamata ya rubuta ko da ba ta zo daidai da abin da ake tsammani daga mai irin digirinsa ba.