Wa Ya Ɗauko Dutsen?

A gabas da Tarabulus, bakin teku kusa da garin Khums, akwai kufan wani birnin Rumawa da Larabawa ke kira Labda, Turawa su ce Leptis Magna. Nan aka haifi Septimius Severus, wanda ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211, ya ƙawata garinsu da ginshiƙan marmara, da dandali, da tashar jiragen ruwa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1982.

Yayana da ke aikin lebura a can ya shiga wurin wata Juma'a, ya turo min hotuna ta salula. Ni kyan ginshiƙai na tsaya kallo. Shi kuwa tambayar da ya yi daban: "Ƙanena, dutse guda nan mutum nawa za su ɗaga shi? An biya su kuwa?" Mai ɗaukar bulo zuwa hawa na huɗu ba ya kallon gini irin kallon ɗan lakwal.

To, ƴan uwa, ga abin da ke damuna. Sunan sarki yana jikin dutse har yau, bayan shekara 1,800. Wanda ya fasa dutsen ya ja shi cikin rana, ko bawa ne ko ɗan ƙodago, babu sunansa. Shin daidai ne mu tsaya muna "kai, mutanen da sun iya aiki!" alhali wasu ne suka ci wuya, wani ya ci suna?

Kada ma mu ce halin Rumawa ne kaɗai. Surame tana nan a ƙasar Sakkwato, ganuwar dutse da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, kuma labarin baka na cewa garuruwan da ya fi ƙarfi ya ɗora wa aikin. Kakanninmu su ma sun san aikin tilas na Nasara, wanda sai 1946 aka soke shi.

Wani abokina a ƙungiya ya ce ai in babu tilas babu babban aiki, shi ya sa mu ba mu bar komai ba. Ban yarda ba. Birnin Lalle nan kusa da mu cikin Dakwaro, Gobirawa sun yi sarauta a cikinta tun kafin Alƙalawa, amma ɗalibai nawa cikinmu suka taɓa zuwa don tarihinta? Laifin laka ne, ko namu? Kuma rijiyar da gari ya haƙa da gayya, mutum ya sha dabba ta sha, wa ya ce ƙaramin aiki ce? Ba ta shiga hoto da kyau ne kawai.

Ban ce a daina sha'awar Labda ba. Kyau kyau ne, kuma ƙin kallonsa ba ya mayar wa bawa guminsa. In Allah ya kai ni, zan shiga. Amma kafin in ɗaga kai in karanta sunan Severus, zan duƙa in nemi sawun kurfi a jikin dutse, inda hannun maƙerin dutsen ya bi. Yayana ya ce ana ganin sa, layi-layi, wani wurin har ka gane inda mutumin ya gaji.