Sirrin Da Aiki Ya Kawo Hannunka, Naka Ne?



Bari in fara da laifina kafin in taɓo na wani. Shekarun baya wata baiwar Allah ta turo mini saƙo tana neman fatawa kan matsalar da ke tsakaninta da mijinta, na kuma amsa mata. Bayan 'yan kwanaki, a wajen karatu, sai na ga labarin zai amfani mutane, na kawo shi misali. Ban faɗi sunanta ba, ban faɗi na mijin ba. Amma na ambaci sana'arsa, da yawan 'ya'yansu, da cewa ita ce ta biyu. Ashe ƙanwar mijin na cikin masu sauraro. Kafin gari ya waye magana ta kai gidan. Da matar ta sake rubuto mini, layi ɗaya ne kacal: "Malam, kai kaɗai fa na gaya wa."

Wallahi alheri na nufa. Amma tun ranar nake tambayar kaina: kyakkyawar niyya tana halatta mini in kashe abin da ba nawa ba?

'Yan uwa, mu duba yawan mutanen da aiki ke ajiye wa sirrin jama'a. Likita da ma'aikacin ɗakin gwaji sun san cutar da kake ɓoye wa maƙwabcinka. Ma'aikacin banki da mai POS suna ganin abin da ke asusunka. Mai gyaran waya yana kwana da hotunan iyalinka. Mai shagon kwamfuta da ke cike wa ɗalibai fom ɗin JAMB yana riƙe da lambar NIN ɗinsu. Duk waɗannan ba don daɗin hira aka buɗe musu ciki ba, larura ce ta sa. Mara lafiya ba shi da zaɓi, ko ya faɗa ko a kasa yi masa magani. Abin da larura ta tilasta wa mutum miƙa maka ajiya ce, mai shi kuma yana nan.

Hukuma ma ta shigo maganar. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 aka sa hannu kan cikakkiyar dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Zuciyar dokar ita ce: ka karɓi bayani don wata manufa sananniya, ka karɓi iya abin da take buƙata, kada ka karkatar da shi wani wajen. Mai bayanin yana da haƙƙin ya san abin da ka riƙe a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya janye amincewarsa. Bayanin lafiya da na addini da na ƙabila an ƙara musu tsanani. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ma'anar bayanin mutum a dokar. Ba sai ka faɗi suna ba. Matuƙar za a iya gane shi ta abin da ka ambata, ka taɓa bayaninsa. Wato daidai ramin da na faɗa.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Allah Ya hana bincikar asirin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12, Ya umarci a mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa idan mutum ya gaya maka magana sannan ya waiwaya, maganar ta zama amana. Waiwaye kawai! To ina ga wanda ya rufe ƙofar ofishinka kafin ya buɗe baki? A Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya aiki Anas yana yaro, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi aiken me, ya nuna mata sirri ne. Maimakon ta matsa, sai ta ƙarfafa shi kada ya gaya wa kowa.

Wani zai ce: Malam, ai hoton mara lafiyar nan don neman taimako na ɗora shi, kuma an tara kuɗi. Allah Ya saka da alheri. Amma ka tambaye shi? Ka gaya masa hoton zai kai garin surukansa, kuma zai zauna a intanet har bayan ya warke? Sannan amincewar wanda ciwo ko yunwa ta durƙusar, a yi hattara da ita, domin mabuƙaci ba ya iya cewa a'a. Marayan da ka ɗauka hoto yana karɓar kwanon shinkafa, wata rana zai girma ya nemi aure.

Ba ina cewa a yi shiru a kowane hali ba. Likitan da ya gano zazzaɓin Lassa dole ya sanar da hukumar lafiya. Kotu na iya neman takarda. Lokacin da Fatima bint Ƙais ta nemi shawara kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya faɗa mata aibin kowannensu a taƙaice. Lura da kyau: ga mai haƙƙin ji ya faɗa, iya buƙata ya faɗa. Ba a zaure ba, ba a dandalin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ba.

Abin da na gano kenan: niyya tana gyara aikina tsakanina da Allah, amma ba ta mayar da haƙƙin wani ya zama nawa. Wanda ya ɗauki kuɗin ajiya ya gina masallaci, sai ya biya mai kuɗin. Kuɗi ma ana iya mayarwa. Sirri kuwa, magana zarar bunu ce.

Na nemi yafiyar matar nan, ta ce ta yafe, amma ba ta ƙara tambayata komai ba. Wannan ita ce asarar da ba a lissafawa: mace ta daina zuwa asibiti, matashi ya ɓoye damuwarsa, mai tambaya ya haƙura da jahilci, duk don tsoron bakinmu. Yanzu ba na kawo labarin kowa sai da izininsa, sai kuma na cire duk abin da zai nuna shi.

Kai ma kafin ka tura, tambayi kanka: don me aka ba ni wannan? Wanda zan tura wa yana da haƙƙin gani? Da mai shi yana tsaye a kaina, zan danna?

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon rufa na bayinSa. Wallahu a'alam.