Rigar da Aka Mayar wa Abu Jahm



A goman ƙarshe na azumin da ya wuce, wani tela da muke sallah tare ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan tarawihi. Ya ce, "Malam, ina ga hannu aka sa mini. Ɗinki ya taru, masu kaya sai kira suke yi, amma da na hau keke sai hankalina ya gudu. Tun La'asar wuyan riga ɗaya na haɗa." Na tambaye shi ina yake ajiye wayarsa idan yana aiki. Ya yi dariya, ya ce tana nan kan keken, gefen almakashi.

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma na san ciwon. Sau nawa nake buɗe littafi zan shirya darasi, in ce bari in duba saƙo ɗaya tak, sai kiran sallah ne zai dawo da ni, shafin yana nan yadda na bar shi. Tun daren nan nake ta juya tambayar a raina: shin wannan rarrabuwar hankali laifi ne, ko lalura ce?

Abin da na tuna shi ne labarin da Bukhari da Muslim suka rawaito daga Nana A'isha (RA). Manzon Allah (SAW) ya yi sallah da wata riga mai zane-zane, sai idonsa ya kai kan zanen. Da ya sallame sai ya sa aka mayar wa Abu Jahm da ita, aka karɓo masa wata mara ado. Malamai sun ce ya nemi ta biyun ne don kada ran Abu Jahm ya sosu, tunda shi ya ba da kyautar. Ku duba fa, mafi natsuwar halitta kenan, amma bai bar rigar a jikinsa ya ce zai yi ta kokawa da idonsa ba. Cire ta ya yi. Mu kuwa mun ajiye tamu rigar mai zane a gefen almakashi, tana haske tana ƙara, sannan muna mamakin raunin zuciyarmu.

Akwai kuma igiyar da ya gani an ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci. Aka ce ta Zainab ce, tana riƙewa idan ta gaji da tsayuwar dare. Ya sa aka kwance, ya yi umarni mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. To idan ibada ma ba a son a yi ta da jan jiki, ina ga ɗinki? Telan nan ya yi tahajjud, ya yi sahur, ya buɗe shago, barcinsa bai taka kara ya karya ba. Ba sai an kai ga sihiri ba kafin ƙwaƙwalwa ta ƙi aiki.

Ni dai a nan na tsaya. Zuciya ta tafi yawo ba da izininka ba, wannan ba na ganin laifinka a ciki. Amma inda ka ajiye wayar, kai ka zaɓa. Karɓar yadin da ka san ba za ka iya gamawa ba, shi ma kai ka zaɓa, kuma nan ne maganar ta tashi daga tsakaninka da kanka ta koma haƙƙin mutane. Akwai yaron da zai wayi gari ranar idi yana kuka ba kayan Sallah, alhali ubansa ya biya kuɗi tun farkon azumi.

Na ce masa ya miƙa wa yaron shagonsa wayar, kada ya karɓa sai lokacin sallah. Ya daina kallon tarin kayan nan, don ganinsu kaɗai yana karya gwiwa; ya tura su cikin buhu, ya fito da ɗaya, ya ce wannan kafin Azahar, wancan kafin La'asar. Ya samu ko ɗan barcin rana ne. Na kuma ƙara da cewa idan abin ya zarce bayan Sallah, ko akwai wata damuwa da ke cinsa a ciki, ya je asibiti, babu kunya a nan.

Ta ƙarshen ce ta yi masa nauyi. Na ce ya ƙirga abin da zai iya gamawa tsakaninsa da Allah, sauran ya kira masu su tun yanzu da sauran lokacin neman wani telan. Ya yi shiru, ya ce, "Malam, kuɗin fa na riga na taɓa."

Bayan kwana biyu muka sake haɗuwa. Ya ce ya ranto kuɗi ya mayar da ɗinki uku. Mutum biyu sun karɓa ba hayaniya, ta ukun kuwa ta wanke shi tas a gaban yaran shagonsa, ta kwashe atamfarta ta tafi.