Shin "Dawo Gobe" Zunubi Ne?

A farkon Misa mukan furta zunubanmu, har da alherin da muka ƙi aikatawa. Wasiƙar Yakubu 4:17 ta lasafta wannan cikin zunubi. Ma'aikacin da ya danne takardun fansho na wani tsoho, kullum yana ce masa ya dawo gobe, ya cinye masa kuɗin mota da kwanakinsa, ko da bai ci hanci ba. Wahalar jinkirinmu a kan talaka take sauka. Saboda haka kowace safiya, bayan addu'a, mu rubuta ayyukan ranar, mu fara da wanda wani yake jira, mu gama shi kafin mu taɓa na biyu. Gobe tana hannun Allah, yau kuwa amana ce a hannunmu.