Lissafin Hadari da Mabuɗan Gaibu

Tun daga ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya ci rabin Maiduguri, wata tsohuwar mas'ala ta dawo mini a rai, wadda almajiran ilmi suka daɗe suna jayayya a kanta cikin zauruka: shin mutumin da ya ce ya lissafa yawan ruwan da zai sauka nan gaba, bai taɓa ɗaya daga cikin abubuwa biyar ɗin nan da ƙarshen Suratu Luƙman ta keɓe wa Allah saninsu ba?

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a san sifar abin da ake hukuntawa. Masana yanayi sukan ɗauki sararin samaniya su yanka shi gida-gida cikin kwamfuta, kamar yadda ake zana hatimi, su zuba wa kowane gida adadin zafinsa da laimarsa da gudun iskarsa, sa'an nan na'ura ta riƙa lissafa yadda kowane gida ke taɓa maƙwabcinsa, sa'a bayan sa'a, har shekaru. Illa dai a lissafin da ya game duniya duka, gida ɗaya yakan kai kilomita 100, alhali gajimaren da ke tasowa daga gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya turo ƙura gabansa har mata su ruga kwashe shanya, tushensa bai fi 'yan kilomitoci ba, sai ya zube ta cikin lissafin kamar gero a rariya mai manyan idanu. Saboda haka Ofishin Yanayi na Ingila ya ƙanƙanta gidajen zuwa kimanin kilomita huɗu da rabi a kan Afirka baki ɗaya, kuma abin da aka buga a 2019 ya nuna mamakon ruwa zai tsananta fiye da yadda aka zata, tare da tsawaitar kwanakin fari a tsakiyar damina. Sababin ba ɓoyayye ba ne: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, takan iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin ɗari.

To, ni a nawa fahimtar, Shaihu Sanusi ya riga ya warware wannan mas'ala a cikin sharhinsa na Ummul Barahin, littafin da malamanmu suka karantar shekara da shekaru, inda ya raba hukunci uku, na hankali da na shari'a da na al'ada. Na al'adar kuwa shi ne ƙulla wani abu da wani saboda maimaituwarsu tare, da yarda cewa yana iya saɓawa, kuma sababi ba ya aikata kome da kansa. Lissafin hadari bai wuce wannan daraja ba, zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba, masu yinsa ma sukan maimaita shi sau da yawa da ɗan canji kaɗan, su ga amsoshin sun sha bamban. Abin da aka zarga a hadisin Hudaibiyya shi ne jingina ruwa ga tauraro a matsayin mai saukar da shi. Ƙidayar taurarin Ɗarfa da Jabha da kakanninmu suka yi don sanin lokacin noma, ba wanda ya kira ta shirka.

Abin da ke ci mini rai shi ne a ji gargaɗi a kau da kai da sunan tawakkali, alhali Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tanadin shekara bakwai ya yi. Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni, idan hukumar NiMet ko cibiyar AGRHYMET ta Yamai suka fitar da hasashen damina, su karanta wa jama'a shi bayan sallar Juma'a, a yashe magudanai, a kuma hana gini a kan hanyar ruwa tun kafin a zuba harsashi.